Filin Koyon Turanci: Yadda Ake Tambayar Ma'ana a Kasuwa

A wannan wata jimla ɗaya za mu ɗauka, mu juya ta gaba da baya har ta zauna a bakinmu. Ga ta:

What does it mean?

Ana faɗinta kamar haka: wat daz it miin. Da Hausa, ita ce: Me wannan yake nufi?

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe ta. Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Katsina sayayya, ko daga Rimi ya fito, ko Kaita, ko Batagarawa, ko Jibiya, zai tarar kusan duk abin da ke cikin kwali ko kwalba ko buhun kamfani da Turanci aka rubuta bayaninsa. Maganin feshi, takin zamani, maganin tarin yara, madarar gwangwani, rasit ɗin da mai shago zai miƙo maka, har saƙon banki da ke shigowa a waya. Mu a aji da Hausa muka fara, kuma hakan shi ne daidai. To amma wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ya riga ya sami abin da jiya ba shi da shi. Yana iya ɗora yatsa a kan kalma ya ce a gaya masa. Ba wanda ya haddace kalmomin Turanci duka, ko Baturen da kansa. Tambaya ake yi, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Kakanninmu ba su sami wannan dama ba. Bayan shigowar Turawa Katsina a 1903, talaka ba ya jin abin da Razdan ko Di'o ya faɗa, sai abin da tafinta ya ga dama ya juya masa. Ita kanta kalmar tafinta daga Turanci muka aro ta, asalinta "interpreter". Ko da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, 'yan kaɗan ne suka shiga. Sai a shekarun 1950 aka fito da yaƙi da jahilci gadan-gadan, har Lardin Katsina ya sami jaridarsa mai suna Himma. Yau a kasuwa tafintan manomi shi ne mai shagon da yake son ya sayar masa da kaya. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu da yawa, amma dai mai kaya ba ya kushe kayansa.

YADDA AKE FURTA TA

Kalmar da ke ɗauke da nauyin jimlar ita ce ta ƙarshe, wato "mean". Baƙaƙenta huɗu: m, e, a, n. Wanda ya saba da karatun Hausa zai so ya ce me-an. Kada a ce haka. A Turanci idan e da a suka haɗu, sau da yawa sukan ba da sautin i mai tsawo. Saboda haka miin za a ce, a ja wasalin. Haka "tea", shayi, tii ake cewa. Haka "meat", nama, miit. Haka "beans", wake, biinz. Haka "cheap", mai araha, ciip. Idan ka gajarta wasalin ka ce men, to ka koma maganar maza ke nan, don "men" maza ne.

Wani abin lura kuma. Turanci yana da kalma da ake rubutawa m, e, daidai da tamu ta tambaya. Tasu mii ake karanta ta, kuma ma'anarta ni. Mu Katsinawa da muke cewa "mi kake so" sai mu ƙara kula, don a kunne ma sun yi kama. Ba dangin juna ba ne. Me ɗinmu na tambaya shi ne "what" a Turanci.

TAMBAYA DA AMSA

Idan ka tambaya, amsar da za a ba ka za ta fara da kalmomi biyu:

It means ...

Wato, yana nufin kaza. Ku dubi ƙarshen kalmar da kyau. A tambaya "mean" ce, ba s. A amsa ta zama "means", da s. Wannan ƙaramin baƙi shi ne yake kayar da ɗalibai, har da 'yan sakandare. Ga yadda za ku riƙe shi. Ku ɗauka mutum biyu ne da hula ɗaya. A cikin tambaya "does" ne ya sa hular, wato s ɗin da ke ƙarshensa, sai "mean" ya tsaya kai ba hula. A cikin amsa "does" ya tafi, sai "mean" ya karɓi hularsa. Ba a sa hular a kai biyu lokaci guda. Don haka wanda ya ce "What does it means" ya yi kuskure. Za a gane shi a kasuwa, amma a takardar jarrabawa jan biro zai sha.

Kalmar "it" kuwa ’yar riƙon wuri ce. Kana iya cire ta ka sa kalmar da ta shige maka duhu. Abin daɗi a nan shi ne jerin ya yi daidai da na Hausa. Muna cewa: Me kaza yake nufi? Me a farko, abin a tsakiya, nufi a ƙarshe. Haka Turancin yake:

What does "fragile" mean?
Me "fragile" yake nufi?
It means it can break.
Yana nufin abin yana iya fashewa.

Za ku ga wannan kalma a jikin kwalin tangaran da na fitila da na talabijin. Mai ɗaura kwali irin wannan a bayan babur zuwa ƙauye, gara ya san ta.

Akwai hanya ta biyu, ita kuma ta yi daidai da tamu ta cewa: Mece ce ma'anar kaza? Ita ce "What is the meaning of fragile?" "Meaning", miinin, ita ce ma'ana. Duk wadda ka ɗauka daidai ce. Abin da ba a so shi ne a gauraya su a ce "What means fragile" ko "What is it mean". Ka kama ɗaya ka riƙe.

A SHAGON MAGANI

Ga wata hira tsakanin wani magidanci da mai kemis. Mai kemis ɗin baƙo ne, Hausarsa ba ta nuna ba tukuna. A karanta ta da ƙarfi, mutum biyu-biyu.

Magidanci: Good morning, sir. Please, what does EXP mean?
Ina kwana, Malam. Don Allah me EXP yake nufi?

Mai kemis: It means expiry date.
Yana nufin ranar da magani zai lalace.

Magidanci: And what does 03/2027 mean?
To, 03/2027 fa, me yake nufi?

Mai kemis: It means March 2027. Do not use it after that month.
Yana nufin watan Maris na 2027. Kada a sha shi bayan wannan wata.

Lambar farko wata ce, ta biyu shekara. 01 Janairu, 06 Yuni, 12 Disamba, haka har a ƙare. A kusa da EXP za ku ga MFG ko MFD. Wannan ranar da aka yi maganin ce, ba ranar lalacewarsa ba. Mutane kan rikita su. Wani ya ga tsohuwar shekara a gaban MFG ya jefar da magani mai kyau. Wani kuma, wanda ya fi muni, ya ga maganin da EXP ɗinsa ya wuce da shekara guda ya ɗura wa yaro. A kan madara da biskit da man gwangwani, maimakon EXP sau da yawa "Best before" ake rubutawa, wato an fi so a ci kafin ranar da aka sa. Sannan a nemi inda aka rubuta NAFDAC da lamba a gabansa. Wannan hukuma ce ta gwamnatin tarayya da aka kafa a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna. Kwalbar da ba ta da lambar, a ajiye wa mai ita abarsa.

Ga wasu da za ku gwada tambayar da su. "For external use only" yana nufin na shafawa ne, ba a sha. "Shake well before use" yana nufin a girgiza sosai kafin a zuba. "Keep out of reach of children" yana nufin a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa. Idan kuma likita ya rubuta b.d. a kati, sau 2 ke nan a rana, t.d.s. kuwa sau 3. Waɗannan biyu ba ma Turanci ba ne, daga Latin aka gutsuro su, don haka ko mai digiri idan ba fanninsa ba ne sai ya tambaya.

A WAJEN MASU TAKI DA MAGANIN FESHI

Idan abin da kake tambaya ya fi ɗaya, "does" ya koma "do", amsa kuma ta fara da "They mean", ba s. Hular ta tilo ce kawai, jam'i ba ya sa ta.

What do these numbers mean?
Me waɗannan lambobi suke nufi?

Tambaya ce da ta kamata kowane manomi ya yi a gaban buhun kamfa. A jikinsa za ka ga NPK 15-15-15, wani kuma NPK 20-10-10. Baƙaƙen uku sunayen abincin shuka ne guda uku. N shi ne mai sa ganye ya yi kore shar, shuka ta yi tsawo. P yana taimakon saiwa. K yana ƙara wa shuka ƙwari da cikar ƙwaya. Lambobin kuwa suna faɗin kashi nawa ne cikin 100 na kowanne, bi da bi. Yuriya ita N kaɗai gare ta, kashi 46 cikin 100.

A nan ne wata 'yar jimla take shigowa, "That means", dat miinz. Ita ce "ke nan" ɗinmu, idan mutum ya yi lissafi ya kai ga sakamako.

The bag is 50 kg. That means 23 kg of nitrogen.
Buhun kilo 50 ne. Akwai kilo 23 na N a ciki ke nan.

Wannan lissafin buhun yuriya ne. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 kuwa, kilo 7 da rabi na N ne a cikinsa, sai dai yana da sauran biyun da yuriya ba ta da su. Shi ya sa malaman gona suke cewa a fara da kamfa, a bi da yuriya daga baya. Wanda ya san wannan, ba a ce masa "ai duk taki taki ne" ya yarda.

Ba kalma kaɗai ake tambayar ma'anarta ba, har launi da hoto. A gindin takardar da ke jikin kwalbar maganin feshi akwai zane mai launi.

What does the red colour mean?
Me jan launin yake nufi?
Red means great danger.
Ja yana nufin haɗari mai girma.

Ja shi ne mafi dafi, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Kore ma ba ruwan sha ba ne, sauƙi kawai gare shi. Hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye yana nufin guba, da Turanci "poison". Wannan ba wasa ba ne. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai sun dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Waken da Bature ya ƙi, mu da 'ya'yanmu muke ci. Da masu zuba maganin suna tsayawa a karanta musu abin da ke jikin kwalba, da an rage ɓarna.

Akwai kuma "Not for sale". Yana nufin ba na sayarwa ba ne. Ana buga shi a kan gidan sauro da abincin yara masu tamowa da sauran kayan da gwamnati ko ƙungiyoyin agaji suke rabawa kyauta. Idan ka gan shi a kan tebur ana ciniki, ka san haƙƙin wani ne aka karkatar. Ni dai a ganina mai saye da mai sayarwa duk suna da rabo a alhakin.

KALMA ƊAYA, MA'ANA UKU

Yanzu mu ƙara wa jimlarmu kalma ɗaya a ƙarshe: "here", hiya, wato a nan.

What does "credit" mean here?
Me "credit" yake nufi a nan?

Me ya sa sai an ce a nan? Saboda kalmar Turanci, kamar ta Hausa, tana canza ma'ana idan ta canza wuri. Ku dubi kalmarmu "kai". Akwai kai na jiki, akwai kai da nake magana da kai, akwai kai kaya gida. To haka "credit" take. A bangon shago idan an rubuta "No credit", ana nufin ba bashi. A bakin mai sayar da katin waya, "credit" kuɗin kira ne. A saƙon banki kuwa, "Credit" ko CR yana nufin kuɗi sun shigo asusunka. Kishiyarsa "Debit" ko DR, wato kuɗi sun fita. Mutumin da ya san ma'anar farko kaɗai, ya ga "Credit" a wayarsa, sai hankalinsa ya tashi ya ɗauka banki na binsa bashi, alhali kuɗin gyaɗarsa ne suka shigo.

Wannan sashe ya zama dole tun farkon 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun kuɗi bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. A lokacin har mai tumatir da mai kayan miya sai da suka koma karɓar taransifa. An sami sauƙin kuɗin daga baya, amma taransifa da masu POS sun zauna. Ga kalmomi huɗu da suke fitowa a waya bayan an tura kuɗi:

"Successful" means the money has gone.
Kuɗin sun tafi.
"Pending" means not yet.
Tukuna, suna hanya, ba su isa ba.
"Failed" means it did not go.
Ba su tafi ba.
"Insufficient funds" means the money is not enough.
Kuɗin da ke asusun ba su kai ba.

A kula da "Pending" ƙwarai. Mai saye zai nuna maka fuskar wayarsa ya ce ga shi ya tura. Idan "Pending" ka gani, ciniki bai faɗa ba tukuna. Ko "Successful" ka gani a wayarsa, wayarsa ce ba taka ba, kuma akwai 'yan damfara masu haɗa saƙon ƙarya. Kada akuya ko buhun gero su bar gabanka sai ka ga kuɗin a naka asusun, ka duba "balance", wato abin da ya rage a ciki, ka ga ya ƙaru. Mutumin kirki ba zai ji haushin jiran minti 5 ba.

IDAN MUTUM KAKE TAMBAYA

Duk abin da ya gabata tambayar ma'anar rubutu ne. Idan kuwa mutum ne ya yi magana ba ka gane inda ya dosa ba, sai jimlar ta koma:

What do you mean?
Me kake nufi?

Wat du yu miin. A nan sai an yi hattara. Kun san ko da Hausa "me kake nufi" tana da fuska biyu. Idan an faɗe ta a hankali tambaya ce. Idan an ɗaga murya an zare ido, neman faɗa ne. Haka take a Turanci, ba bambanci. Bugu da ƙari, mu muna da hanyar girmamawa a cikin harshenmu. Ba ka ce wa dattijo "kai", sai ka ce "ku", ka haɗa da Baba ko Alhaji ko ranka ya daɗe. Turanci ba shi da wannan. "You" ɗaya ce, ita ce kai, ita ce ke, ita ce ku, da ita ake kiran yaro, da ita ake kiran sarki. Saboda haka ladabin a wasu kalmomi ake ɗora shi: "please", don Allah, da "sorry", yi haƙuri, da "sir" ga namiji, da "madam" ga mace.

Sorry, madam, what do you mean?
Yi haƙuri Hajiya, me kike nufi?

Idan kalma ɗaya ce a cikin maganarsa ta tsaya maka, sai ka sa "by", bai, ka kawo kalmar:

What do you mean by "one bag"?
Me kake nufi da buhu ɗaya?

What do you mean by "next week"?
Me kake nufi da mako mai zuwa?

Tambayar buhu ba ta raini ba ce. Buhun taki kilo 50 ne. Buhun hatsi a wajenmu galibi tiya 40 ne. Baƙon da ya zo daga Legas ko Anaca yana iya zuwa da wani buhun a ransa, da wani mudun da ba irin namu ba. A daidaita tun kafin a auna, ya fi a zo ana rantse-rantse a gaban Sarkin Kasuwa. Ta mako mai zuwa kuwa, duk wanda ya taɓa ba da kaya bashi ya san amfaninta. A sa masa rana: Litinin ko Alhamis?

SHA BIYAR KO HAMSIN?

Wannan ya kawo mu ga jimlar da ta fi kowace tsare aljihu:

Do you mean ... or ...?
Kana nufin kaza ne ko kaza?

A ƙidayar Turanci akwai lambobi masu kama da tagwaye a kunne. 15 "fifteen" ce, 50 "fifty". 14 "fourteen" ce, 40 "forty". 13 "thirteen" ce, 30 "thirty". Na goma sha suna ƙarewa da tiin mai tsawo, na gomiya suna ƙarewa da ti gajere. A cikin hayaniyar kasuwa, ga ƙarar janareta ga ihun 'yan dako, wa zai ji n ɗin ƙarshe? Ga hira tsakanin wani dattijo mai sayar da wake da wata 'yar bautar ƙasa. Kuɗin da aka ambata misali ne kawai.

'Yar bautar ƙasa: Baba, I will pay fifteen.
Baba, zan biya 15.

Dattijo: My daughter, do you mean fifteen or fifty?
'Yata, 15 kike nufi ko 50?

'Yar bautar ƙasa: I mean fifteen. One, five.
15 nake nufi. Ɗaya da biyar.

Dattijo: You mean fifteen thousand naira?
Wato naira 15,000 kike nufi?

'Yar bautar ƙasa: Yes, Baba.
E, Baba.

Dattijo: No. I mean fifty. Five, zero.
Albarka. Ni 50 nake nufi. Biyar da sifiri.

Ku lura da dabarar da suka yi, ta faɗin lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya rubutu ma yana da wadda ta fi wannan: ya rubuta lambar a takarda ko ya danna ta a waya ya nuna. Ku lura kuma da "You mean ...?" da dattijon ya yi. Maimaita maganar mutum ce da bakinka don ya tabbatar, kamar yadda muke cewa "wato kaza ke nan?" 'Yan kasuwa kuma suna da gajerce magana. Mai kayan babur zai ce maka "two-five". Yana iya nufin 2,500, wani kuma 25,000 yake nufi. Kada kunya ta hana ka cewa "You mean two thousand five hundred?"

Amsar duk waɗannan da "I mean" take farawa, ai miin, wato ina nufin. Da ita kuma mutum yake gyara bakinsa idan harshe ya zame: "Come on Monday, I mean Tuesday." Ka zo ran Litinin, a'a, Talata nake nufi.

SAURAN 'YAN'UWANTA

Kalmarmu nufi tana ɗauke da ma'ana, tana kuma ɗauke da niyya. Abin mamaki, "mean" ma haka take. Idan ɗan dako ya taka ka da kaya a kansa ya ce "Sorry, I did not mean it", yana cewa ne ba da nufi ya yi ba, ba da gangan ba. Idan mai bin ka bashi ya ce "Pay me on Friday. I mean it", to da gaske yake, ba wasa a ciki.

Idan abin ya riga ya wuce, kalmar takan zama "meant". A nan e da a ba su ba da i mai tsawo ba, ment ake cewa, kamar yadda "bread", burodi, yake bred. Turanci ke nan, dokarsa ba ta rasa mai karya ta. "I meant two cartons, not two dozen." Katan 2 na nufa, ba dozin 2 ba.

Wani lokaci za ku ji an ce "He is mean." Wannan wata kalma ce dabam mai rubutu iri ɗaya. Ana nufin mutumin marowaci ne ko mugu. Kada ka ji an faɗa maka ita ka yi godiya.

A kasuwa kuma za ku ji Turancin buroka: "Wetin e mean?" da "Wetin you mean?" Ma'anarsu ɗaya da waɗanda muka koya, kuma ba laifi mutum ya gane su, don da su ake ciniki daga nan har Fatakwal. Amma a banki da asibiti da takardar neman aiki, wadda muka koya a yau ita ake so. Kayan da suka shigo ta Maraɗi kuwa, sau da yawa da Faransanci aka rubuta su. Kalmomin dabam ne, amma lambobin wata da shekara iri ɗaya ne da namu, kuna iya karanta su.

AIKIN WANNAN WATA

Na farko, a cike gurbi da "mean" ko "means" ko "meant":

1. What does "poison" ______?
2. It ______ guba.
3. What do you ______ by "tomorrow"?
4. Yesterday I ______ 40, not 14.
5. Red ______ danger.

Na biyu, a gyara waɗannan jimloli guda biyu: "What does it means?" da "What means pending?"

Na uku, a juya wannan zuwa Turanci, da ladabin da ya dace da dattijo: Don Allah Alhaji, 13 kuke nufi ko 30?

Na huɗu, duk wanda ya shiga Babbar Kasuwa ko kasuwar garinsu a wannan wata, ya tafi da fensir da 'yar takarda. Ya kwafo kalmomin Turanci 3 daga jikin kwali ko kwalba ko buhu, baƙi bayan baƙi, yadda ya gan su. Matan da ba sa fita su duba gwangwanin madara da kwalin magani da ke cikin ɗaki. A kawo wa malamin aji ko malamar aji, a tambaya da Turanci, a rubuta amsar da Hausa a ƙarƙashin kowace kalma. Malamai su tattara waɗanda suka gagara su aiko wa wannan fili ta ofishin hukuma na ƙaramar hukumarsu. Za mu buga amsoshin a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.